Ranar da Inna Ta Ci Tuwo a Romaniya

Shekarar da gwiwoyin Inna suka ƙi, ni ma ba ni da sauran ƙarfi. Ina aiki a wani ofishi da ke kula da masaukin alhazai a Madina, kuma duk wanda ya taɓa irin wannan aiki ya san yadda mutum yake fitowa daga musim, wato lokacin aikin Hajji. Ido ya faɗa, murya ta dushe, baya kamar an yi sussuka a kansa. A ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin da Hajji ke faɗowa kafin zafi ya kankama. Alhazan ƙarshe na tashi, sai ga maganar tafiya.

Inna mahaifiyata ce. A wani ƙauye kusa da Damagaram aka haife ta, ta taho da iyayenta tana ƙaramar yarinya, a ƙasa, suna yada zango su yi noma su ƙara gaba, har suka ƙetare teku daga Sudan. Tun da ta shigo Madina ba ta ƙara fita ba sai dai zuwa Makka. A gidanmu na unguwar Ranuna ta tsufa. Ciwon ya fara mata a hankali, ta koma sallah a zaune, daga baya zuwa masallacin Ƙuba da take yi da ƙafa kowace Asabar ya gagara. Mun zaga asibitoci, an yi allura, an yi gashi, an shafa man habbatus sauda har ɗakinta ya kama ƙamshinsa. Sauƙi bai samu ba.

Yayana ne ya zo da labarin Romaniya. Wani abokin kasuwancinsa ya kai mahaifinsa can, wani gari a bakin tekun Bahar Aswad inda ake da tafki mai baƙin taɓo da ake shafa wa masu sanyin ƙashi. Wai tsohon ya tafi a keken guragu ya dawo da sanda kawai. Yaya mutum ne da in ya sa abu a gaba ba ya jin kira. Ya nemi biza, ya yanki tikiti, ya kama wuri, sannan ya ce shago ba zai bar shi ya tafi ba, ƙannenmu mata kuwa kowacce da 'ya'ya a makaranta. Ni ke da hutun bayan musim. Haka tafiyar ta faɗo a kaina.

Inna ba ta ce tana so ba, ba ta kuma ce ba ta so ba. Ta dai tambaya ko garin Musulmi ne, Yaya ya ce akwai Musulmi. Ta ƙulle dabino a leda, ta ɗauki carbinta da butarta ta roba, ta ce to.

Daga Jidda muka tashi zuwa Istanbul, daga nan zuwa Bukares, sannan doguwar hanya a mota. Ban san wahalar namiji ya yi tafiya da tsohuwa shi kaɗai ba sai a lokacin. Ka tura keke, ka riƙe jakunkuna, ka tsaya a ƙofar banɗakin mata kana roƙon matar da ba ka san yarenta ba ta duba maka ita. Wanda ya zo ɗaukarmu a filin jirgi wani dattijo ne mai farin gashin baki, da tsohuwar mota mai tari. Da ya ga fasfonmu sai ya yi mana sallama cikakkiya. Batatare ne, daga cikin Musulmin da suka daɗe a wannan gefen ƙasar, kuma ya taɓa yin aikin gini a Libiya, saboda haka yana da ɗan Larabci gutsure-gutsure. Tun daga ranar yake kiran Inna "Haji ana", wato Hajiya uwa a yarensu.

Wurin jinyar tsohon gini ne mai dogayen baranda, ko'ina warin taɓon nan kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Da safe ma'aikata mata su zo su tafi da Inna, su lafta mata taɓo mai zafi tun daga ƙafa har cinya, su naɗe ta da bargo, su bar ta ta yi gumi. Sai da na sha fama kafin aka fahimci cewa ba za ta yarda namiji ya shiga ɗakin ba. Matan suna da kirki, suna shafa mata kai suna yi mata magana kamar yarinya, ita kuwa ta rufe ido tana jan carbi. Ni ina zaune a benci a waje ina kallon tsofaffin Turawa suna wucewa cikin fararen riguna.

Abinci ne ya zama matsala. Ana kawo dafaffen dankali da nama da wata miya mai ruwa-ruwa. Inna ta dubi naman ta ce ba ta san wanda ya yanka shi ba. Na nemi a daina sa nama, ta ce ai a tukunya ɗaya aka dafa. Sai ta tsaya a kan burodi da shayi da dabinonta. Dabinon ya fara ƙarewa, ita ma ta fara ƙarewa. Ta rage magana. Abin da ya fi damunta shi ne rana da ba ta son faɗuwa. Sai a yi la'asar a zauna a yi ta jira, gari na nan da haske tar, babu ladan da zai ce maka ga lokaci. Takan tambaye ni ko na tabbata da alƙibla, in ce na tabbata, an jima ta sake tambaya.

Ni kuma ga wankin kayanta a baho, ga kai ta banɗaki, ga sauka ƙasa wurin wayar tarho in ji Yaya yana tambaya ko ta fara takawa. Likitar da ke duba ta, wata mace siririya da ta yi karatu tare da ɗaliban Larabawa, ta kira ni ta ce jinin Inna ya yi ƙasa, in ba ta ci abinci ba za su dakatar da taɓon. Na koma ɗaki na lallaɓa, na yi roƙo, na kawo mata hadisi a kan neman magani. Ta ce ta san hadisin tun kafin a haife ni. Na fita baranda na zauna, ban san abin da zan yi ba, kuma gaskiya ba ni da ƙarfin tunanin abin da zan yi.

A nan direban nan Batatare ya same ni. Yakan kawo marasa lafiya kusan kullum, kuma ya sha ganin ana fitowa da tiren Inna yadda aka shiga da shi. Ya ce gobe Juma'a, zai kai mu masallaci a birnin Konstanta, daga nan mu wuce wani wuri da ya sani mu ci abinci irin na mutanen ƙasar. Na ce ba za ta ci ba. Ya ce ko ba ta ci ba ta sha iska.

Masallacin babba ne, mutanen ciki kaɗan, yawancinsu tsofaffi. Inna ta ji kiran sallah karo na farko tun da muka zo, ta riƙa amsawa daga cikin kekenta har aka gama. Bayan an idar muka fita daga gari, muka bi wata hanya tsakanin gonakin alkama da ba su nuna ba tukuna, har muka tsaya a gaban wani gida mai farar katanga da jinkar kara. Ba don teburan da ke tsakar gidan ba, da sai ka ce gidan wani manomi ne.

A bakin ƙofa wani mutum cikin farar riga mai ado ya tare mu da faranti ɗauke da ƙananan kofuna. Direban ya ɗaga masa hannu ya girgiza kai, mutumin ya ja da baya yana murmushi. Daga baya ya gaya mini giyar 'ya'yan itace ce da suke tarbar baƙi da ita. Ciki duhu-duhu ne da sanyi. Teburan katako ne masu kauri, an shimfiɗa musu ƙyallaye masu saƙar ja da baƙi, an jera akusan ƙasa masu zane a bango kamar jeren amarya, tafarnuwa da busasshen barkono na rataye a rufi. Ƙamshin gasasshen nama ya cika wurin. Direban bai ɓoye mini ba, ya ce yawancinsa alade ne, amma in kwantar da hankalina. Ya shiga madafa da kansa wurin mai gidan, wata mata da ya sani tun da daɗewa, ya ce a yi mana kifi a wankakken kasko da man tsirrai, kada kitse ya kusance shi. Na fassara wa Inna duk wannan. Ta ce Allah ya saka masa, amma ba ta dubi tebur ba.

Aka fara kawo miya mai tsami ta kayan lambu, da burodi mai ɗumi, da farin cuku na tumaki, da tumatir da albasa mai lawashi, da gasasshen gauta da aka dandaƙa irin wanda muke ci a Madina. Ni na faɗa wa abincin, don ni ma rabona da cin abin kirki tun Jidda. Inna ta ɗebi miyar cokali guda ta ajiye. Na ga haka sai abincin ya fita raina. Na fara lissafin yadda zan gaya wa direban mu tashi ba tare da ya ji kunya ba.

Sai ga mai gidan da kanta, ƙatuwar mace ja ɗaure da kallabi, ta fito da wani faifan katako. A kansa an kife wani abu rawaya, mulmulalle, yana tururi. Ta ajiye a tsakiyar tebur, ta zaro zare daga aljihun gabanta, ta sa shi ƙarƙashi ta ja sama, ta yanyanka shi gida-gida. Direban ya ce sunansa mamaliga, da garin masara ake yi, shi ne abincin talakan ƙasar tun kaka da kakanni.

Inna ta matso da fuskarta ta shaƙi tururin. Ta sa ɗan yatsa ta danna gefe.

"Wannan ai tuwo ne," ta ce.

Na ce haka ne, Inna, tuwon masara ne.

"To a ba ni ruwa in wanke hannu."

Direban ya fita mota ya ɗauko butarta, mai gidan ta kawo kwano ta tara. Aka kawo kifin, manyan gunduwoyi da aka gasa aka tsoma cikin romon tumatir da barkono, da wata 'yar miyar tafarnuwa a gefe. Inna ta ture cokali da cokali mai yatsu, ta yi bisimilla, ta gutsuri tuwon ta murza shi a tafin hannu ta yi masa rami da babban yatsa, ta ɗebo romo. Ta ci loma ta farko a hankali. Ta ce miyar ba daddawa, kuma wani marar sani ya zuba gishiri a cikin tuwon. Sannan ta ci gaba da ci. Mutanen teburin kusa suna satar kallonta, ba ta ma san suna yi ba. Da aka kawo wani kindirmo mai kauri a ƙaramin kasko, ta gutsura tuwon a ciki ta dama da yatsu ta sha, ta ce haka suke yi da kwanan tuwo suna yara.

Wasu makaɗa uku suna zagaya tebura, ɗaya da goge, ɗaya da wani abu mai kama da zuga-zugi da ake matsawa a ƙirji, na ukun yana waƙa. Da suka nufo mu direban ya yunƙura zai sallame su. Inna ta ce a ƙyale su, abincinsu suke nema. Suka tsaya a kanmu suka yi wani kiɗa mai jan rai, ita tana cire ƙayar kifi. Ni kuwa cikina ya cika, kuma wannan ne karo na farko tun da muka bar gida da ba na jiran wani abu ya lalace. Na jingina kaina da bango don in huta da idona kaɗan.

Da na farka makaɗan ba sa nan, an kwashe kwanuka, inuwa ta juya a tsakar gida. Keken Inna na nan a gefen tebur, babu kowa a ciki. Na miƙe a firgice har na ture kujera. Wata mai hidima ta nuna mini wata ƙofa ta baya tana dariya.

Bayan madafar akwai wata rumfa da murhun itace, an ɗora baƙar tukunyar ƙarfe. Inna na zaune a kan kujera 'yar tsugune, sandarta a jingine, direban na tsaye daga gefe. Shi ya riƙo ta suka tako a hankali, don ta ce sai ta ga inda aka tuƙa tuwon. Mai gidan na tuƙa wani sabo da muciya, Inna na yi mata bayani da Hausa cewa talge ake fara yi, a bar shi ya dahu, sannan a zuba gari. Matar na amsa mata da yarensu, tana nuna gishiri tana gyaɗa kai, Inna na girgiza nata. Babu wadda ta ji abin da ɗayar ke faɗa, kuma babu wadda ta nemi a fassara mata.

Da ta sauke tukunyar, matar ta zauna a kan wani kututture tana nishi. Ta nuna gwiwar Inna, ta tambayi direban, ya gaya mata abin da ya kawo mu. Sai ta yi wata 'yar dariya, ta ɗage siket ɗinta zuwa gwiwa. Ƙafafunta sun kumbura, jijiyoyi sun yi ruɗu-ruɗu, gwiwoyin kamar an cusa ƙwarya a ciki. Ta yi magana mai ɗan tsawo. Direban ya yi jinkiri kafin ya fassara mini, kamar ba ya so. Ta ce a ƙauyen da ke bakin tafkin aka haife ta, tun tana yarinya take wasa a cikin taɓon, kuma duk bazara tana shafawa. Yana rage zafi na ɗan lokaci, sanyi na shigowa ciwon ya dawo.

Ban fassara wa Inna ba. Ba ta kuma buƙaci fassara ba, don ta ga gwiwoyin. Ta miƙa hannu ta shafa ɗaya, ta ce Allah ya sawwaƙe. Matar ta naɗe mana sauran tuwon a ƙyalle, ta rungume Inna, ta sumbace ta a kumatu biyu, abin da Inna ba ta saba da shi ba, amma ta haƙura.

A mota muna komawa ta jingina kanta da taga har muka wuce gonakin. Na zaci barci take. Sai ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Ka ga wadda aka haifa a bakin taɓon. Ka ga gwiwarta."

Na ce jiki da jiki ba ɗaya ba ne, kuma likita ta ce in tana cin abinci za a ga canji.

"Kai, saurara. Uwata a hanya ta rasu, a wani gari a Sudan da ban san sunansa ba. Aka rufe ta da safe, da yamma muka ɗaura kaya. Har yau babu wanda ya san inda take. Ni Allah ya kai ni Madina. Kada ku fito da ni kuna neman mini gwiwa, ajali ya same ni a nan. Ka mai da ni gida."

Ban taɓa jin ta faɗi wannan ba. Mun san kakarmu ta rasu a hanya, amma a matsayin labari muka san shi, ba a matsayin abin da Inna ke kwana da shi ba. Na ce to, Inna.

Da na kira Yaya ya yi faɗa sosai. Ya ce ba a kai ko rabin jinyar ba, ya ce na cika sanyin hali, ya ce da shi ne da ya san yadda zai lallashe ta. Na bar shi ya gama, don ba ni da numfashin musu. Washegari na gangaro da Inna a keke har wurin wayar, na sake kiransa na miƙa mata. Ta saurare shi na ɗan lokaci, sannan ta ce masa ta gode, Allah ya yi masa albarka, ranar da jirgi ya samu ya zo ya tarbe ta. Ta miƙo mini kan wayar.

Kafin a samu jirgin, direban ya riƙa biyawa ta gidan matar nan yana kawo wa Inna tuwo da kifi a kwano, wanda aka tuƙa mata daban ba gishiri. Ta ɗan murmure. Likitar ta yi mamakin jin za mu tafi a daidai lokacin da jinin ya daidaita, amma ba ta hana ba. A filin jirgi Inna ta ba direban abin da ya rage na dabinonta, ya karɓa da hannu biyu, ya ce ta yi masa addu'a in ta isa.

Mun sauka Madina da rana tsaka, zafi ya riga ya shigo. Yaya na jiranmu da mota, fuska ba walwala, amma da ya ga yadda ta rame sai ya sunkuya ya sumbaci goshinta. A gida jikoki suka kewaye ta suna tambayarta da Larabci abin da ta gani a Turai, tana amsa musu da Hausa cewa ta ga gonaki da tsofaffi. Ni hutuna ya ƙare a cikin makon, na koma ofis.

Gwiwoyin ba su warke ba. Ta ci gaba da sallah a zaune, mu kuma muka riƙa karɓa-karɓa wajen kai ta Harami a keke, yau ni, gobe Yaya. Ta ƙara wasu shekaru a haka. A wani watan Sha'aban ta rasu a ɗakinta, aka yi mata sallah bayan la'asar, muka kai ta maƙabartar Baƙi'a.